Rosa Parks (waƙar OutKast)

"Rosa Parks" waƙar hip hop ce ta OutKast, ƙungiyar mawaƙa biyu daga birnin Atlanta na jihar Jojiya a kudancin Amurka, wato André 3000 da Big Boi. Tana cikin kundinsu na uku, Aquemini, wanda kamfanin LaFace Records ya fitar a watan Satumba na 1998. Ta kai matsayi na 55 a jadawalin Billboard Hot 100, kuma ta shiga takarar lambar yabo ta Grammy a 1999. An fi tuna ta da shari'ar shekara shida da sunanta ya jawo.

Kiɗa da ma'ana

A lokacin, New York da Los Angeles ne ke riƙe da kasuwar hip hop, ana yi wa mawaƙan kudu kallon 'yan ƙauye. A bikin Source Awards na 1995 a New York, har ihu aka yi wa OutKast da suka hau karɓar kyauta. A wannan waƙa ba su ɓoye kudancinsu ba. An gina kiɗan a kan jita da tafi, a tsakiya kuma aka sa busar harmonika irin ta kiɗan gargajiyar baƙaƙen fatar kudu. Wanda ya busa ta fasto ne, Robert Hodo, mijin mahaifiyar André.

Sunan waƙar na Rosa Parks ne, matar da aka kama a Montgomery ta jihar Alabama ranar 1 ga Disamba 1955 saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a bas. Kamun nata ya sa baƙaƙen fata suka ƙaurace wa bas-bas na garin har kwana 381. Sai dai ba a ambaci sunanta a baitocin ba ko sau ɗaya. Waƙar kirari ce da habaici ga abokan hamayya, amshinta na korar su zuwa kujerun baya, wurin da dokar wariya ta keɓe wa baƙar fata a da.

Shari'a

A 1999 lauyoyin Parks suka kai OutKast da LaFace ƙara, suna cewa an yi kasuwanci da sunanta ba da izininta ba, an kuma jingina shi da kalaman da ba su dace da ita ba. Kotun tarayya ta kori ƙarar a wannan shekara, bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki. Aka ɗaukaka ƙara, fitaccen lauya Johnnie Cochran ya shigo ɓangarenta.

A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da wani sashe na ƙarar. Tambayar da ta tsaya a kai ita ce: shin sunan yana da wata alaƙa da abin da ke cikin waƙar, ko kuwa tallar haja ce kawai? Su kansu mawaƙan sun yarda cewa ba labarin Parks suke bayarwa ba, kuma wannan ya raunana matsayinsu. Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar batun.

Lamarin ya ƙara sarƙewa da aka bayyana cewa Parks na fama da ciwon mantuwa. Wasu danginta suka fito suna shakkar ko ta ma san ana shari'a da sunanta, kotu kuma ta naɗa tsohon magajin garin Detroit, Dennis Archer, ya kula da muradunta.

An sasanta a watan Afrilu na 2005 ba tare da wani ɓangare ya amsa laifi ba. OutKast da kamfanonin suka amince su haɗa kai da cibiyar Rosa da Raymond Parks wajen shirye-shiryen ilmantar da matasa game da rayuwarta. Parks ta rasu ranar 24 ga Oktoba 2005 a Detroit, tana da shekara 92.