Allo Bai Taɓa Neman Takarda Ba

Duk shekara idan Satumba ta kama, zauren dattijon da nake yi wa aikin rubutu a Zongon Kwatano yakan cika da baƙi iri ɗaya. Iyaye ne, kowa riƙe da hannun yaro, maganarsu kuma guda: an je sa yaro lakwal, an ce a kawo takardar haihuwa, babu ita. Ga mai karatu na Kano ko Zariya, lakwal ita ce makarantar boko a bakinmu, mu da 'yan'uwanmu na Nijar, malaminta kuwa mushe. Ganin yadda wannan kuka yake maimaituwa ya sa na waiwayi tarihin ƙofar lakwal, da abin da take nema a wurin iyaye kafin ta buɗe.

Makarantar da kakanninmu suka zo da ita gaɓar teku ita ce ta allo. Fatake ne da mahauta da malamai, jikokin masu bin hanyar goro daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja ta Nikki da Jugu, waɗanda harka ta jawo su kudu, musamman bayan layin dogo ya haɗa Kwatano da Paraku a 1936. Suka yi zango kusa da tashar jirgin ƙasa, suka gina masallaci, inda duk aka gina masallaci kuwa ba a rasa zauren karatu. Sharaɗin shiga wannan makaranta ba shi da wuya. Uba zai kama hannun ɗansa, ya riƙo goro da ɗan abin sadaka, ya ce: "Malam, ga amana." Malam ya yi addu'a, ya rubuta wa yaro allo, an gama. Ba a tambayar ranar haihuwa. Idan yaro ya yi wayon da za a aike shi ya dawo, ya isa karatu. Daga babbaƙu zuwa farfaru har sauka, rajista tana cikin kan malam, ya san wanda ya zo, ya san wanda ya maƙale a kasuwa, ya kuma san gidan ubansa. Kuɗin Laraba ne lada, Alhamis da Juma'a hutu.

Lakwal ta wata hanya ta shigo. Fada-fadan Katolika suka sauka Wida a 1861, ba su daɗe ba suka buɗe makaranta, tun kafin Faransa ta ci Sarki Behanzin da yaƙi ta kafa mulkinta a Dahome a 1894. Mutanen kudu suka rungumi karatun da hannu biyu, har Dahome ta zama rumbun akawuna da malamai na ƙasashen renon Faransa. Da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe ofisoshi da azuzuwa a Nijar 'yan Dahome ne, har zuwa korar da aka yi musu a ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete. Mutanen Zongo suna kallon wannan duka daga bakin rumfunansu, yawancinsu kuma ba su aika 'ya'yansu ba. Ban ga laifinsu sosai ba. Makarantar da suka fara gani tana jingine da coci, Bahaushe kuwa ya ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai abin ya zo da tsada: mai dukiyar da ke iya cika tarago da kaya ya zama sai ya nemi ɗan wani ya karanta masa takardar kwastan.

Ni a zamanin juyin juya hali na yi wayo. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoba 1972, gwamnatinsa ta karɓe makarantun firamare na mishan a 1974, ta fito da tsarin da ta kira Sabuwar Makaranta a 1975, shekarar da aka sauya wa ƙasa suna zuwa Benin. Wannan ya rage tsoron farko, tunda makaranta ta fita daga hannun fada, amma ya kawo wani, domin gwamnatin ta shelanta aƙidar Markisanci, dattawanmu kuma sun ji labarin abin da wannan aƙida take faɗa game da addini. Mahaifina ya bar ni a allo, ya tura ƙanena lakwal da rigar kaki. Haka gidaje da yawa suka yi, aka raba ƙafa. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 baitulmali ya bushe, malamai suka yi watanni babu albashi, yajin aikin 1989 ya cinye shekarar karatu ɗungurungum. Masu cewa lakwal ɓata lokaci ce suka sami abin faɗa.

Bayan Babban Taron Ƙasa na Fabrairun 1990, tsarin mulkin da aka kafa ranar 11 ga Disamba na wannan shekara ya ce karatun firamare wajibi ne, kuma hukuma za ta mayar da shi kyauta sannu a hankali. Sannun ta ɗauki shekara 16, sai a Oktoban 2006 gwamnatin Boni Yayi ta soke kuɗin makaranta a firamaren gwamnati. Kaki da littattafan rubutu da kuɗin karin kumallo suna nan a wuyan uba, amma babban shinge ya faɗi. A wannan tsakani makarantun da ke haɗa Larabci da Faransanci suka yawaita, makarantar allo kuma ta ja jiki zuwa bayan asuba da bayan magariba da ranakun hutun lakwal. Yaron Zongo na yau almajiri ne da sassafe, ɗan lakwal da hantsi. Ban san yaron da ya kai shi aiki a wannan birni ba.

Da tsoro ya kau, kuɗi ya yi sauƙi, sai takarda ta rage, ita ce kuma ta fi dukansu naci, domin ta ci karo da al'adunmu ta fuskoki da yawa ba tare da kowa ya nufa ba.

Dokar iyali ta 2004 ta ba da kwana 10 a bayyana haihuwa ga hukuma, dokar yara ta 2015 ta mayar da shi 21. Mu kuwa ba mu da sunan da za mu bayar sai ranar suna, bayan mako guda, ranar da aka yanka rago aka raba goro. Kafin a gama sallamar baƙi, kwanakin sun tafi. Wannan ma ga wadda ta haihu a Kwatano ke nan. Amarya mai cikin fari gidan iyayenta take tafiya goyon ciki, gidan kuwa yana iya zama a Gaya ko Dogonduci ko Birnin Kebbi ko Sakkwato. Can za ta haihu, can za ta yi wankan jego, ba za ta dawo ba sai bayan arba'in, wani lokaci sai yaro ya fara zama. Jariri ya tsallako iyaka a bayan uwarsa, ƙasar da aka haife shi ba ta rubuta shi ba, ƙasar da zai girma ba ta san da zuwansa ba.

Sai batun suna. Takardar Faransanci tana da gurbi biyu, na sunan zuri'a da na sunan mutum. Bahaushe kuwa sunansa yake faɗa, ya biyo da na ubansa. Akawu ya sa wannan a gurbin wancan, sai ka tarar da 'yan ɗaki ɗaya uku, kowa da sunan zuri'arsa daban. Yusufu ya zama Issoufou a wata takarda, Youssouf a wata. Uwa kuma, saboda alkunya, ba ta kama sunan ɗanta na fari, idan aka tambaye ta sai ta ce Ɗanjuma ko Babangida, aka rubuta laƙabi, sunan yanka ya tsaya a gida. Tsofaffinmu ma takardunsu cewa suke yi an haife su "wajen" shekara kaza, babu rana babu wata.

Wanda wa'adi ya wuce shi, hanyarsa kotu ce: a kawo shaidu, alƙali ya yi hukuncin da zai tsaya a madadin takardar haihuwa. A nan wata ɓaraka ta shigo, wadda ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta. Yaron da ya daɗe a allo ya wuce shekarun shiga aji ɗaya, sai a rage masa biyu ko uku a gaban shaidu. An taimake shi a ranar, amma an bar shi da shekarun aro har tsufansa. Sau da yawa shugaban makaranta, don tausayi, yakan karɓi yaro da alkawarin za a kawo takarda daga baya. Alkawarin yakan kwanta shekara shida, daga aji na CI har CM2, sai ranar haɗa takardun jarrabawar CEP ya farka. Na taɓa zama da wata yarinya mai ƙwazo da mahaifinta, muna jera takardu uku masu suna uku, muna neman wadda za ta yarda da sauran. Ba mu gama a kan lokaci ba. Ta maimaita aji, shekara ta zagayo kuma aka yi mata aure.

Hukuma ta yi yunƙuri fiye da sau ɗaya. An yi gangamin RAVEC a 2006 don ba marasa takarda takarda, an yi rajistar RAVIP daga ƙarshen 2017 da hoto da zanen yatsa, yanzu kuma hukumar ANIP ke riƙe da rajistar, kowa da lambarsa, ana ma iya neman takardar haihuwa ta intanet. Sauƙi ya samu ƙwarai. Amma kwamfuta ba ta san alkunya ba, abin da aka ba ta ranar farko shi take riƙewa, gyaran harafi ɗaya kuma yana iya cin makonni.

Shi ya sa a zaurenmu muka buɗe littafi. Duk sunan da aka raɗa a gidajen da ke zuwa wurin dattijo, ina rubuta shi da ajami, in rubuta shi da boko yadda akawu zai rubuta, da sunan uba da na kaka, da ranar haihuwa ta Hijira da ta Miladiyya. Kafin a watse daga wajen suna nakan ja uban jariri gefe in tambaye shi ko ya je ofishin unguwa. Yawanci yakan ce gobe. Nakan rubuta goben a gefen shafi, in aika yaro ya tuna masa.