Tamowa, Ciyarwa da Cuta: Nazari Kan Yaran Karkara a Ƙasar Hausa

Abin da muke nufi da tamowa shi ne halin da yaro ke shiga idan abincin da yake ci, ko wanda hanjinsa ke iya tsotsewa, ya gaza ɗaukar nauyin girmansa. Muna iya kasa ta gida uku. Akwai ramewa, wato nauyin yaro ya gaza abin da ya dace da tsayinsa. Ita takan zo da sauri, kuma ana gane mai tsananinta idan kaurin damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 bai kai santimita 11.5 ba. Akwai tsumburewa, wato tsayi ya gaza shekaru, wadda ke ginuwa a hankali tun daga ciki har zuwa shekara biyu. Sai kwashiyoko, wadda alamarta kumburin ƙafafu biyu ne. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57.

Ciyarwa mataki biyu ce. Na farko shi ne nonon uwa zalla na wata shida, wanda ke farawa da dakashi, nonon farko mai kauri da ke ɗauke da garkuwar jiki. A wasu gidaje ana matse shi a zubar, ana kuma ɗura wa jariri ruwa don tausayin zafin rana. Niyyar mai kyau ce, amma ruwan rijiyar da ba a tafasa ba yana cike gurbin nono, ya kuma shigar da ƙwayoyin cuta. Mataki na biyu, daga wata shida zuwa yaye, shi ne inda a ganinmu aka fi yin asara. Cikin yaro ƙarami ne, kunu tsararo na gero zalla yana cika shi ba tare da ya gina jiki ba. Kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa, waken suya, garin zogale ko ɗan manja, sau uku zuwa huɗu a yini ga wanda ya kai wata tara, ya fi shi nesa ba kusa ba. Yayen gaggawa, musamman idan uwa ta samu ciki a kan goyo, yana ƙara dagula lamarin.

Tun a 1968 wani masani mai suna Scrimshaw da abokan aikinsa suka bayyana wa Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tamowa da cuta suna ƙarfafa juna. Gudawa na lalata fatar cikin hanji, ƙyanda na ƙarar da bitamin A, zazzabin cizon sauro na jawo ƙarancin jini, dukkansu kuma suna kashe sha'awar abinci. Jikin da ya rame garkuwarsa ta yi rauni, sai cuta ta gaba ta same shi a buɗe. Wannan haɗuwa ta fi muni da damina: rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yawaita, uwa tana fama da aikin gona.

A yunwar 2005 a Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa, madara, sukari da mai, ta ceci dubban yara, akasarinsu suna jinya a gidajensu. Sai dai wannan maganin ramewa mai tsanani ne, ba ya hana ta dawowa. Abin da ke hana ta a gida shi ne kada a janye nono ko abinci daga yaro mai gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari tare da sinadarin zinki na kwana 10 zuwa 14, sannan bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a kowace rana har tsawon mako biyu.