Jiragen Elder Dempster da Gyaɗar Ƙasar Wudil

Kalmar jirgi tsohuwa ce a bakin Hausawa. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Wudil sun san jirgin fito, watau gungumen itace da aka fafe, wanda ake ƙetarar da mutane da kaya cikinsa in kogi ya kawo. Da aka ga abin hawa mai gudu bisa dogo sai aka ce masa jirgin ƙasa, na bisa iska kuwa jirgin sama. Shi ko babban jirgin teku, akasarin manoman ƙasar Wudil ba su taɓa sa shi a ido ba, alhali kuwa wajen shekara sittin yana da hannu cikin kuɗin da ake biyansu na gyaɗa. Masu rubuta tarihin gyaɗa sukan tsaya ga jirgin ƙasa da dalar Kano. Nufin wannan takarda shi ne a bi buhun har bakin teku, a ga ko hannun wa yake faɗawa.

Cikin shekarar 1852 wani Bature mai suna Macgregor Laird ya kafa kamfanin African Steamship, ya sami kwangilar ɗaukar wasiƙun Gwamnatin Ingila zuwa Afirka ta Yamma. A 1868 aka kafa wani kamfanin a Gilasgo, mai suna British and African, wakilansa kuwa a birnin Libaful mutum biyu ne, Alexander Elder da John Dempster. Daga sunayensu aka sami Elder Dempster. Amma wanda ya ɗaukaka kamfanin shi ne Alfred Jones, wanda ragama ta koma hannunsa a 1884, har ya haɗa jiragen kamfanonin nan biyu ƙarƙashin ikonsa. A 1894 ya kafa Bank of British West Africa, bankin da ke shigo da sulallan azurfa, wanda shi ne asalin First Bank. Ashe ke nan jirgin da kuɗin duk daga gida ɗaya suke fitowa.

A 1895 Jones ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Woermann na Hambog, ƙasar Jamus, suka daidaita kuɗin dako tsakaninsu. Suka kuma fito da wata dabara. Ɗan kasuwa ya biya kuɗin dakon kayansa, sai a yi masa alkawarin mayar masa da ushirin abin da ya biya, amma ba a ba shi sai bayan watanni, in an tabbata bai ɗora wa jirgin wani ko buhu ɗaya ba. Saboda haka kullum yana da kuɗi riƙe a hannunsu, in ya kauce ya yi asara. Da wannan suka toshe wa baƙin jirage ƙofa, suka ci kasuwarsu ba mai ja.

Shi Jones ba gyaɗa ya sa wa rai ba. Shi ne shugaban ƙungiyar noman auduga ta Ingila da aka kafa a 1902, fatarsa jiragensa su riƙa kwasar audugar ƙasar Hausa zuwa masaƙun Mancesta. Ya rasu a 1909, dogo bai iso Kano ba sai 1911. Da aka buɗe hanya sai manoma suka yi nasu lissafi. Masaƙan gida sun fi Turawa sayen auduga da daraja. Gyaɗa kuwa tana son jigawa, in ba a sayar ba a ci, harawarta kuma ta ciyar da dabbobi. Daidai lokacin masana'antun Turai na bukatar man gyaɗa don yin man shafa wa burodi da sabulu. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000.

Wudil, gundumar Makaman Kano, tana gabas maso kudu da birni, tafiyar da ba ta kai mil talatin ba. Dogo bai ratsa ta ba, gama reshen da ya kai Nguru a 1930 ta Ringim ya bi. Don haka gyaɗarta sai ta sha hanya. Mata su ɓare, 'yan baranda su tara a kasuwanni, a auna a ɗinke buhu, sa'an nan jakuna da raƙuma, daga baya kuma manyan motoci, su kai ta Kano. Daga nan jirgin ƙasa ya yi da ita wajen mil 700 zuwa Ikko. Kafin a gama gadar Jabba a 1916 sai an yi fiton taragai a kogin Kwara. A Ikko ma, kafin 1914 manyan jirage ba su iya shiga tasha saboda yashin da ke bakin teku, sai ƙananan jirage su kai musu kaya. Tashar Apapa sai a 1926 aka buɗe ta.

To, abin lura shi ne yadda ake yanke farashi. Ba daga gona ake fara lissafi ba, daga Libaful ake farawa. Kamfani ya dubi abin da tan ke yi a can, ya ɗebe kuɗin jirgin ruwa, da na jirgin ƙasa, da na buhu, da ladan wakili, da ribarsa. Abin da ya rage shi ne na manomi. Kowane sule da aka ƙara bisa dakon teku, a ƙarshe daga mudun gyaɗar talaka yake fita. Jiragen kuma ba su dawowa fanko. Su ne ke kawo gishirin buhu, da akoko, da alawayyo, da kwanon rufi, da kekuna, waɗanda kuɗin gyaɗar ke ƙarewa a kansu. Watau ana cin manomi kuɗin dako sau biyu, tafiya da dawowa.

Yaƙin Duniya na Farko ya nuna wannan a fili. Kasuwar Hambog ta rufe, Gwamnatin Ingila ta karɓe jirage don aikin yaƙi, Elder Dempster kuma ya yi asarar jirage wajen arba'in. Wannan ya zo bisa yunwar da ta biyo farin 1913. A 1915 gyaɗar da aka fitar ba ta kai tan 9,000 ba. Manyan kamfanoni suka gane mai jirgi shi ne mai kasuwa. Kamfanin Lever ya sayi nasa jiragen a 1916, ya kuma saye Kamfanin Neja a 1920. Da aka kafa UAC a 1929 sai ya yi jayayya da masu yarjejeniya kan kuɗin dako, ya tara jiragensa, waɗanda aka sa wa suna Palm Line a 1949. John Holt ma yana da nasa.

Attajiran Kano ba su jahilci amfanin teku ba. Alhassan Ɗantata, tun yana fataucin goro, ya riƙa ɗora kayansa a jirgin ruwa daga Akra zuwa Ikko maimakon bin doguwar hanyar Gwanja da ayari. Ya zama wakilin Kamfanin Neja wajen sayen gyaɗa a 1918, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Amma duk da haka ikonsa a kan buhu a tashar Kano yake ƙarewa.

Ba kowace matsala ce ta jirgin ruwa ba. Dalar gyaɗar da ta yi suna bayan Yaƙi na Biyu ƙarancin taragai da kawunan jirgin ƙasa ne ya tsayar da ita. Daga 1949 kuma hukumar ciniki ce ke yanke farashi kafin kaka, wadda ta koma ta Jihar Arewa a 1954. Sai dai ita ma hukumar a jiragen baƙi take ɗora kayanta. Don a gyara wannan aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, NNSL, a 1959. Gwamnati na da kashi 51 cikin ɗari, sauran kuwa na Elder Dempster da Palm Line ne, har aka saye rabonsu a 1961. A 1959 ɗin ne kuma ma'aikatan Nijeriya na jirgin Apapa suka yi yajin aiki a Libaful, suna kukan wulakancin da Turawan jirgin ke yi musu.

Cikin shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa. Ba a jima ba al'amari ya juya. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin Gwamnati, suka kashe cinikin. A 1975 jirage ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a bakin Ikko, amma siminti suka kawo, ba gyaɗa suka zo ɗauka ba. Elder Dempster ya sayar da Aureol, jirginsa na fasinja na ƙarshe, a 1974. Zamanin kwantena ya zo, ga kayan komawa sun yi ƙaranci, sai aka sayar da kamfanin ga Delmas na Faransa a 1989. NNSL kuwa aka rushe shi a 1995.

Yau kayan da ke cikin kantunan Sabon Garin Wudil, kama daga babur har wayar hannu, da yawansu cikin kwantena suka iso Apapa, a jiragen kamfanoni irin su Maersk na Danmak. Riɗi da zoɓo da citta su ne ke fita daga Arewa. A 2023 aka buɗe tashar kwantena ta kan tudu ta Dala a Zawachiki, don a riƙa gama aikin kwastan a Kano. Amma kuɗin dakon teku har yanzu a wata ƙasa ake yanke shi. Malamin da ke koya wa ɗalibai labarin dalar gyaɗa ya kamata ya haɗa musu da labarin jirgin da ke jiranta a Apapa, gama in ba da shi ba ba za su fahimci abin da ya sa manomin da ya cika dalar bai yi arziki ba.