Kuka, Bagaruwa da Shaidar Ƙwayoyin Gado: Nazari Daga Ƙasar Kankia

Wanda ya bi gonakin da ke tsakanin Kankia da Kusada zai ga gawo da bagaruwa da dakwara, kuma manomin yankin ba ya rikita ɗaya da ɗaya. Gawo yana kaɗe ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Majema suna jima da 'ya'yan bagaruwa, dakwara kuwa ita ke ba da ƙaro. Amma masana tsirrai na Turai sun daɗe suna tara su a jinsi guda, Acacia, saboda kamannin ganye da ƙaya.

Binciken ƙwayoyin gado, wato DNA, ya nuna cewa wannan taron ba tsatso ɗaya ba ne. Bayan muhawara mai zafi a taron masana na Vienna a 2005 da na Melbourne a 2011, an bar wa itatuwan Ostareliya da ke cikin jinsin sunan Acacia. Bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara ta koma Senegalia. Gawo dama an ware shi a matsayin Faidherbia tun 1934.

Inda binciken ya raba, ya kuma haɗa. Daga 1998 aka shigar da kuka da rimi da lalo cikin dangin kuɓewa da rama da auduga. Mai girki ba za ta yi mamaki ba, don yauƙin miyar kuka da na kuɓewa da na lalo ya daɗe yana nuna wannan zumunci.

Sai dai sunan gargajiya ma yana da iyaka. Yakan sauya daga Katsina zuwa Sakkwato, kuma idan an daka ɓawo ya zama gari a kasuwa, ido ba ya gane itacen da aka sassaƙa. A nan ne alamomin DNA na rbcL da matK, waɗanda masana suka zaɓa a 2009 don tantance tsirrai, suke da amfani ga masu magani da masu saye.

Matsayin wannan maƙala shi ne a haɗa shaidun biyu. Masanin tsirrai Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ya kamata jami'o'in Katsina da Dutsin-Ma su ɗora a kan aikinsa: duk ganyen da aka tsinko don gwaji, a rubuta sunansa na Hausa da garin da aka same shi da amfanin da ake yi da shi, tun kafin gatarin masu gawayi ya riga mu isa gare shi.