Ranar da Aka Tsarkake Tafki da Kashin Shanu

A ranar 20 ga Maris, 1927, dubban mutane suka yi jerin gwano a garin Mahad da ke yammacin Indiya, suka nufi tafkin Cawdar. Jagoransu, wani lauya ɗan shekara 35 mai suna Bhimrao Ambedkar, ya durƙusa a bakin ruwa, ya kamfata da tafin hannu, ya sha. Sauran suka bi sahunsa. Iyakar abin da suka yi ke nan, amma kafin faɗuwar rana an far musu da sanduna, an ji wa da dama rauni.

Laifinsu shi ne asalinsu. A tsarin fifikon asali na al'ummar Hindu akwai wasu zuri'o'i da ake kira "waɗanda ba a taɓawa", yau kuma Dalit. Su aka bar wa fiɗar mushe da jima da shara da kwasar bahaya, aka kuma ɗauka cewa taɓa jikinsu yana ɓata tsarki. Shanu suna sha a tafkin, Musulmi da Kirista suna ɗiba, su kaɗai aka haramta wa. Tun 1923 majalisar dokokin Bombay ta zartar da ƙudurin buɗe musu wuraren ruwa na jama'a, hukumar garin Mahad ta amince a 1924, amma babu wanda ya yi ƙarfin halin gwadawa sai a wannan rana.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tona asirin al'amarin. Masu ra'ayin riƙau suka ce tafkin ya gurɓace. Aka haɗa tulu 108 na kashin shanu da fitsarinsu da madara da kindirmo, aka tuttula a ciki ana karanta addu'o'i, sannan aka yi shelar cewa ruwa ya tsarkaka. Ta fuskar lafiya, ruwan ya fi ƙazanta bayan tsarkakewar. Ashe tun farko ba tsabta ake karewa ba.

Al'ummomi da yawa sun san ƙazanta iri uku, kowace da maganinta. Dauɗar jiki tana fita da ruwa. Rashin tsarki na ibada, irin wanda haihuwa ko mutuwa ke jawowa a addinin Hindu kansa, yana gushewa bayan kwanaki da wanka. Zunubi kuwa tuba ke kankare shi. Tsarin fifikon asali ya ɗaure ukun wuri guda, ya toshe mafita. Aka ce an haifi mutum a ƙasƙance saboda laifin da ya aikata a wata rayuwa da ta gabata, aka tilasta masa aikin ƙazanta, aka hana shi rijiya, sannan aka nuna dauɗar jikinsa a matsayin hujja. Ƙazantar da ake gado ba ta da sabulu, kuma wannan ne amfaninta ga masu cin moriyarta, domin tana tabbatar da cewa kullum akwai mai kwashe shara ba tare da ya tambayi dalili ba.

Ambedkar ya gane cewa tushen matsalar yana cikin aƙida. A ranar 25 ga Disamba, 1927, ya koma Mahad, aka ƙona Manusmriti, tsohon littafin da ya shimfiɗa dokokin fifikon, a bainar jama'a. Shari'ar tafkin ta ɗauki shekara goma kafin Babbar Kotun Bombay ta ba Dalit gaskiya a 1937. Daga baya shi ne ya shugabanci kwamitin tsara kundin mulkin Indiya, wanda sashensa na 17 ya soke ƙyamar taɓawa a 1950.

Doka ta riga zukata sauyawa. A 2013 sai da majalisar Indiya ta sake kafa dokar hana sa mutane kwasar bahaya da hannu. Har yau akan ciro gawarwakin ma'aikata daga magudanan ƙazanta na biranen ƙasar, kuma mafi yawansu Dalit ne.