Yadda 1 ga Yuni ta zama ranar komawa gida a Sarawak

Duk ƙarshen watan Mayu, tashoshin mota da filayen jiragen sama na Kuching da Sibu da Miri sukan cika da ma'aikata masu haramar tafiya ƙauye. 'Yan ƙabilun Dayak ne na jihar Sarawak, a ɓangaren tsibirin Borneo da ke cikin Maleshiya, kuma abin da ke kiransu gida shi ne Gawai, bikin kammala girbin shinkafa. Bikin tsoho ne, amma ranar da aka tsayar masa ba ta wuce shekara 60 da 'yan kai ba.

Dayak suna ne da ya tattara ƙabilu da dama, irin su Bidayuh da Kayan da Kenyah, da kuma Iban, waɗanda suka fi kowace ƙabila yawa a jihar. A wurin Iban, ƙauye gini ɗaya ne: dogon gida bisa dirkoki a bakin kogi. Kowane iyali yana da sashensa da ake kira bilik, dukkan ƙofofi kuma suna buɗewa cikin doguwar rumfa guda, wato ruai. A da, kowane dogon gida yakan yi bikinsa bayan shinkafa ta shiga rumbu, a ranar da dattawansa suka zaɓa.

Iyalin Brooke, Turawan Ingila, sun mulki Sarawak daga 1841 zuwa 1946, sannan suka miƙa ta ga gwamnatin Birtaniya. A 1957 aka ta da batun ware wa Dayak ranar hutu a wani shirin rediyo, ganin cewa Musulmin Malay suna da hutun Sallah, 'yan asalin Sin kuma suna da na sabuwar shekararsu. Gwamnatin mulkin mallaka ta ƙi, ta tsayar da Ranar Sarawak ta kowa da kowa. Tra Zehnder, wata mace 'yar Iban da ke majalisar dokoki, ta ci gaba da matsa lamba. Wani ɗan Iban kuma, Michael Buma, bai jira izini ba: ya shirya bikin a gidansa da ke Kuching ranar 1 ga Yuni, 1963. A watan Satumbar shekarar Sarawak ta shiga tarayyar Maleshiya, Stephen Kalong Ningkan, shi ma ɗan Iban, yana babban minista. Gwamnatinsa ta ayyana hutun ranar 25 ga Satumba, 1964, aka fara shi a hukumance a 1965.

Amfanin wannan rana ya fito fili ne da ƙauyuka suka soma watsewa. Iban sun daɗe da al'adar bejalai, wato tafiyar namiji neman arziki, ya dawo da tuluna da kuge na tagulla. Daga baya tafiyar ta koma aikin albashi: yankan katako, man fetur a Miri, iskar gas a Bintulu, aikin soja, masana'antun Johor da Singafo. Mai karɓar albashi ba zai iya jiran ranar da dattawa za su zaɓa ba, amma hutun gwamnati yana sakin kowa lokaci ɗaya.

Da yammacin 31 ga Mayu ana jan kwando a cikin rumfa, kowane iyali ya jefa wani abin da ba ya bukata, a kai shi waje domin korar aljanin rowa. Da tsakar dare a kaɗa kuge, shugaban gida ya jagoranci shan tuak, giyar shinkafa, da addu'ar tsawon rai. Washegari a shiga ngabang, ziyarar dangi ƙofa-ƙofa da gida-gida. Yawancin Dayak Kiristoci ne yanzu, don haka a gidaje da yawa addu'ar coci ta maye gurbin hadayar gargajiya.

Wannan zumunci yana da nasaba da mallakar ƙasa. Dokar filaye ta Sarawak ta amince da haƙƙin gargajiya da aka kafa kafin 1 ga Janairu, 1958, galibi ta hanyar sare daji a yi gona. Shaidar hakan kuwa ba kasafai take a takarda ba. Tana bakin tsofaffi, da itatuwan da kakanni suka dasa, da makabartu. Da kamfanonin katako da na manja suka samu lasisi a kan waɗannan dazuzzuka, ƙararraki suka yawaita. A Disambar 2016 Kotun Tarayya ta yanke hukuncin cewa dajin da al'umma ke farauta da neman abinci a cikinsa, ba tare da ta nome shi ba, ba shi da kariyar doka. Majalisar jihar ta gyara dokar a 2018, ta amince da irin wannan daji, amma ta yi wa faɗinsa iyaka.

Saurayin da aka haifa a Kuching ba shi da inda zai ji wane kaka ne ya sare wace gona, ko wane rafi ne iyaka, sai a bakin tsofaffin ƙauye, kuma sau da yawa lokacin Gawai kaɗai yake zama da su. Kafin a naɗe tabarmi a ƙarshen Yuni, alamar rufe bikin, galibin baƙin sun koma bakin aiki, tsofaffin kuma kowace shekara raguwa suke yi.