Asalin Kalma: Filibasta

Filibasta kalma ce ta siyasar Amurka. Ana nufin dabarar da sanatoci marasa rinjaye ke yi ta jan magana ba ƙaƙƙautawa domin hana Majalisar Dattawa kaɗa ƙuri'a a kan ƙuduri.

Tushenta kalmar Holanci ce, vrijbuiter, wato ɗan fashin teku mai kwasar ganima. Mutanen Sifaniya suka ara, suka mai da ita filibustero. A shekarun 1850 aka laƙaba sunan ga Amurkawa masu tara mayaƙa su afka wa ƙasashen Latin Amurka, irin su William Walker da ya ɗare mulkin Nikaraguwa a 1856. Daga nan ta shiga majalisa, domin mai kankane zaure da surutu fashin lokaci yake yi.

Kalmar ta yi tashe a zamanin gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, lokacin da sanatocin Kudu suka mai da dabarar garkuwar wariyar launin fata. A 1957 Strom Thurmond na Karolina ta Kudu ya shafe awa 24 da minti 18 yana magana, har da karanto dokokin zaɓen jihohi ɗaya bayan ɗaya. A 1964 sanatocin Kudu suka riƙe ƙudurin 'yancin ɗan ƙasa har kwana 60 na zaman majalisa. Ranar 10 ga Yuni sanatoci 71 suka rinjayi 29 aka rufe muhawara, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu ranar 2 ga Yuli.

Tun 1975, ƙuri'a 60 cikin 100 ake bukata kafin a karya filibasta a kan ƙudurin doka.